Mun sauya wa shafinmu masauki, wasiƙu sun daina shigowa: wa ya taɓa ganin haka?

Ɗan Wadata:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da shafin wata ƙungiyar dukawa a nan Yamai, sunanmu da .com yake ƙarewa. Jiya da safe na ɗauke shafin daga tsohon masaukinsa zuwa sabo, na sauya layukan NS, masu nuna sabar da ke riƙe da bayanan sunan shafinmu, kamar yadda aka ce mini. Yanzu a wayata sabon shafin ke buɗewa, a kwamfutar shugabarmu kuwa tsohon ke fitowa. Abin da ya fi damuna, tun azahar ta jiya ko wasiƙa ɗaya ba ta shigo imel ɗinmu ba, ga shi muna jiran amsar wani mai sayen jakunkuna daga Faransa. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Malam na Yantala:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, ta farkon da kanta za ta warware. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani, aikin DNS kuwa shi ne ya nemo mata lambar. Tambayar daga sabobin tushe take farawa, masu suna 13, daga A zuwa M. Su nuna masu riƙe da .com, ko .ne idan sunan na Nijar ne, su kuma su nuna sabar da ke ajiye da kundin yankinka, wato inda aka rubuta duk layukan sunan shafinka. Da yake hanyar da nisa, sabar kamfanin da ke ba ka intanet takan riƙe amsar zuwa wani wa'adi, shi ake kira TTL, da daƙiƙa ake lissafa shi. Na taɓa sauya lambar layin A na shafin wata makaranta, wato layin da ke haɗa suna da lambar sabarsa, alhali wa'adinsa 86400 ne, kwana guda cur, ana gobe sakamakon jarrabawa zai fita. Iyaye da yawa tsohon shafi suka yi ta gani. Tun ranar nake sauke shi zuwa 300 kwana biyu kafin ƙaura. Amma kai NS ka taɓa, shi kuwa a .com wa'adinsa 172800 ne, kwana biyu, kuma ba a hannunka yake ba. Jira zuwa jibi.

Hajiya ta Bukoki:
Malam ya yi gaskiya, amma maganar wasiƙu kada ka jira ta, ɗana. Ni ta same ni a shafin shagona na atamfa da leshi. Da aka sauya NS, sabon masauki ya buɗe mana sabon kundi, layin MX da ke nuna inda wasiƙu za su sauka bai biyo mu ba. Kwana tara ina cewa kasuwa ce ta yi sanyi, ashe saƙonnin mutane wani akwati suke faɗawa a sabon masaukin wanda ban san da shi ba. Shiga tsohon kundin yau, tun ba su rufe maka shi ba, ka kwafe MX da TXT duka. A TXT ɗin ne SPF yake, wato layin da ke shaida sabobin da aka yarda su aika wasiƙa da sunanka, in babu shi wasiƙunka su ma cikin shara za su riƙa faɗawa a wajen mutane.

Ɗan Adar, daga Tawa:
Tawa matsalar ta fi wannan ciwo, shi ya sa nake tambayarka: da sunan wa aka yi rajistar sunan naku? Mu 'yan albasa ne, ta Galmi muke lodi zuwa Abijan da Akara. Wani yaro mai hankali ya buɗe mana shafi, sai dai da imel ɗinsa ya yi rajistar a wajen dillalin sunaye. Ya tafi ci-rani Aljeriya, saƙon tunin biyan kuɗi yana ta zuwa masa, mu ba mu da labari. Ba mu ma san cewa suna haya ake karɓarsa shekara-shekara ba, mun ɗauka saye ne na har abada. Wa'adi ya cika, kwanakin rangwame suka wuce, kwana 30 na fansa su ma suka wuce, wani can ya karɓe sunan. Buhunanmu da takardunmu duk ɗauke suke da shi. Har yau in na ga tsohon buhu raina ɓaci yake yi. Kundin yanki ana sake rubuta shi cikin awa ɗaya, suna kuwa in ya fita hannunka sai yadda sabon mai shi ya ga dama.

Mai Shago a Katako:
In za ka rubuta MX ɗin da hannu a cikin kundin, kada ka manta ɗigon da ke ƙarshen sunan sabar. Na taɓa mantawa, sai ta liƙa masa sunan shafina a baya, ya zama sunan da babu shi. Bayan ka gyara, tambayi 8.8.8.8 ta Google da 1.1.1.1 ta Cloudflare da nslookup, manhajar tambayar DNS, ka ga amsar da suke bayarwa.

Ɗan Wadata:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, yadda kika faɗa haka na tarar: babu MX ɗinmu a sabon kundin. Na mayar da shi, na leƙa akwatin sabon masaukin na iske wasiƙu shida, har da ta mutumin Faransa. Yaya Ɗan Adar, na duba, rajistar da imel ɗina take. Gobe in Allah ya kai mu zan zauna da shugabarmu mu mayar da ita ta ƙungiya.