Musayar baiti: wa zai buga littafin ƙananan marubutan Maradi?

Mushe Mai Ritaya:
Salamu alaikum jama'a. Tunda aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025 nike ta tunanin ƙungiyar marubuta ta jiharmu, to ga baiti, mai amsa ya riƙe "ta" a ƙarshe.

Da sunan Allah na ɗau biro zan rubuta,
Kira ga marubutan Maradi kar a manta.
Marubuci Boubou Hama ya cika a 1982, ya huta,
Da sunanshi ƙasa ke ba marubuta kyauta,
Mu kafa tamu mu ma, mu girmama magabata.

Ɗiyar Tibiri:
Baba ina gaisuwa, ga tawa ka ji ta.
Kayena sun cika da labaran mata,
Suna ƙasan akwati gara na cin rabonta.
Girmama na kabari daidai ne, ban musanta,
Amma mai rai na son wanda zai karanta,
Ya ce nan ya yi, nan kuma ki gyarta.

Na Madarunfa:
Ƙanwata kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi wallahi.

Raina Kama ta Kano ai kun ji labarinta,
Marubuta suka haɗa kai, aikinsu ya fita.
BBC tun 2016 take gasar Hikayata,
Mata na aika gajeren labari ana tace ta.
Mu ko sai Ɗan Isa da Jibiya a mota,
Kan a isa maɗaba'a sefa ta gama ƙonewa kamar wuta.

Baitin ƙarshe ya yi tsawo ku yi haƙuri, abin ne da ciwo, kuɗin mota daban na bugu daban ga canji ga kwastan kuma in ka dawo da littafin ba shagon da zai aje maka.

Malama Ta Tasawa:
To mu yi adashi yadda muke yi mu mata,
Jikka jikka kowane ƙarshen wata.
Wanda ya ɗauka, littafinshi za a inganta,
Malaman jami'ar Ɗan Dikko su duba ƙa'idar rubuta ta,
Masu ajami su zo, ba mu son a bambanta.

Mushe Mai Ritaya:
Ɗiyata fiddo kayen nan, ni zan fara karanta.
Malama riƙe asusu, ga jikkata.
Asabar bayan la'asar zaurena, tabarma na shimfiɗa ta.

Ɗiyar Tibiri:
In sha Allah Baba. Akwai wata ƙawata ɗaliba mai rubuta waƙa, zan zo da ita.