Ɗigo-ɗigo a hotuna, dawakai kuma sun ƙi fita ras: in sayar da kyamarar ne?

Mai koyo, Yelwa, Bauchi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Ni malamin firamare ne, hoto sha'awa ce kawai, ba da shi nake ci ba. Gab da Babbar Sallar bara na sayi Canon 600D ta hannu, tare da ɗan lensinta na 18-55. Ta yi min aiki lafiya har hunturu ya shigo, daga nan abubuwa suka fara rikicewa.

Na farko, wasu baƙaƙen ɗigo guda huɗu, da wani mai kama da silin gashi, suna fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto in dai akwai sararin sama a ciki. Na je Dam ɗin Gubi da yamma, na ɗauki hotuna sun fi arba'in, dukansu da tabon a kusurwar sama ta dama. A cikin ɗaki kuwa ba na ganinsu. Na goge gilashin gaba da hankici har na gaji, suna nan.

Sau biyu kuma ta rubuta min Err 01 ta ƙi ɗauka, sai da na kashe na kunna.

Abin da ya fi ci min rai kuwa tun kafin hunturun ne, wato hawan Babbar Sallar nan. Na tsaya a ƙofar fada tun da wuri, na samu wuri mai kyau, amma da na dawo gida na buɗe hotunan, duk mahayin da ya yi sukuwa ya fito dishi-dishi, ga shi can nesa ɗan mitsitsi. Dogarawan da ke tsaye ne kaɗai suka fito da kyau. A kan koren akwatin nan na otomatik nake ɗauka.

Yanzu kwasar adashina ta zo. Wani abokina ya ce kyamarar ta tsufa, in sayar in cika in sayi irin na zamani marasa madubi. Ƙaramar Sallah na tafe, kuma ina son in leƙa Yankari kafin ruwa ya sauka. Me kuke gani?

Tsohon mai hoto, Wunti

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar sayarwa tukuna. Na fara wannan sana'a tun lokacin da muke wanke fim a ɗaki mai duhu, kuma duk abin da ka lissafa babu wanda ya nuna kyamararka ta mutu.

Ɗigon nan ƙura ce, kuma ba a gilashin gaba take ba. Ƙurar gaban lensi da wuya ta fito a hoto. Tana kan sensa ne, wato faifan da ke bayan madubi wanda haske ke sauka a kansa. Dalilin da ya sa kake ganinta a waje ba ka ganinta a ɗaki: in rana ta yi yawa kyamara na tsuke ƙofar haske, inuwar ƙurar sai ta fito da kaifi, a ɗaki ƙofar a buɗe take, inuwar ta baje ta ɓace. Ka gwada da kanka. Juya zuwa Av, inda kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske, kai lambar f/22 don ƙofar ta tsuke, ɗauki farar takarda ko sama fayau, ka zuƙo hoton. Za ka ga har waɗanda ba ka sani ba.

Ka nemi ɗan famfon roban nan mai hura iska, wanda ake matsawa da hannu. Caja batir ya cika tam. Wannan kada ka yi wasa da shi, domin batirin ne ke riƙe madubi da labulen shota a buɗe, in ya mutu kana tsaka da aiki za su rufo a kan abin da ke ciki. Shiga ɗaki, kashe fanka, rufe taga. A menu akwai wurin share sensa, zaɓi na sharewa da hannu. Cire lensi, kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura sau biyar ko shida ba tare da bakin famfon ya shiga ciki ba. Hoto a kife yake sauka a kan sensa, don haka tabon da kake gani a saman hoto, ƙurarsa tana ƙasan faifan.

Kada ka hura da baki, yawu zai bi. Kada ka sa hankici ko audugar kunne. Na taɓa ganin yaro ya kawo min kyamara ya goge da bakin rigarsa, ya ja layi tun daga wannan gefe har wancan, gyaran ya kusa kuɗin kyamarar. In ka hura wani ɗigon ya ƙi tashi, to ya manne, sai da tsinken sharewa na musamman da ruwansa, kuma karon farko gara ka kai wa wanda hannunsa ya saba ka tsaya kana kallo.

Err 01 ma'anarsa kyamara da lensi ba sa jin juna. Duba gindin lensin, za ka ga wasu 'yan ƙarafa ruwan zinare a jere, akwai abokansu a bakin kyamarar. Goge su da busasshen ƙyalle mai tsabta, a hankali. In ta sake yi, ari lensin wani ka ɗaura. In ta daina, matsalar a lensinka take, wataƙila wayar ciki ce ta gaji don tsufa, kuma wannan ɗan lensin ba shi da tsada a kasuwar na hannu.

Daga yau kuma, in hazo ya sauko, ba a canza lensi a fili. In ya zama dole, kashe kyamara, juya wa iska baya, bakinta na kallon ƙasa.

'Yar Gombe mai hoton biki

Baba ya gama magana a kan ƙura. Ni dawakan zan taɓa.

Malam, koren akwatin nan ne ya cuce ka. Shi bai san doki na gudu ba, haske kawai yake aunawa, sai ya zaɓa maka shota marar sauri, wato labulen da ke buɗe wa haske ya daɗe bai rufe ba. Koma Tv, inda kai ke zaɓar saurin shota, sa 1/1000 na daƙiƙa in ana sukuwa. In tafiya ce ta ƙasaita, 1/500 ya isa. Bar ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, a otomatik. Fokas ka mai da shi AI Servo, mai bin abin da ke motsi, ka zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai cikin ɗigon fokas taran nan da kake gani in ka leƙa, don shi ne ya fi kama abu da sauri, ka ɗora shi a ƙirjin mahayi kana bin sa da rabin dannawa. Kunna ɗauka a jere. Taka tana yin kusan hoto huɗu a daƙiƙa, ba yawa, amma in ka fara dannawa kafin su iso gabanka za ka samu. In an harba bindigogin gargajiya hayaƙi ya turnuƙe, fokas zai yi ta kai-kawo, dakata ya ɗan washe.

Sai fararen kaya. In babbar riga da rawani suka cika hoto, kyamara na ɗauka haske ya yi yawa sai ta rage, fuska ta yi duhu. Ƙara mata haske kaɗan, kamar +2/3, ka duba.

Kuɗin adashi kuwa, ni 50mm f/1.8 zan ce ka saya. Da shi na yi shekara biyu ina ɗaukar kamu da wuni a cikin gidaje inda wuta ke ɗaukewa ana tsaka da shagali. Hasken da yake sha ya kusa ninki goma na 18-55 ɗinka in ka zuƙo shi ƙarshe, ga baya yana narkewa fuskar amarya ta fito ita kaɗai. Ga shi kuma da araha.

Ɗan Alkaleri

Hajiya, a gafarce ni, a nan ban bi ki ba. Lensin da kika faɗa babu kamarsa a cikin gida, ina da shi. Amma Malam bai ce biki zai ɗauka ba. Kukansa shi ne mahayi ya fito ɗan mitsitsi, kuma 50mm bai ma kai ƙarshen wanda yake da shi tsawo ba. A ƙofar fada dogarai ba za su bar shi ya matsa ba, a Yankari kuwa ba a sauka daga mota a taka wurin giwa.

Malam, nemi 55-250, mai rubutun STM a jikinsa, wato irin injin fokas ɗinsa, in ka samu. A kyamararka 250 ɗin yana ba ka kusancin da 400 ke bayarwa a manyan kyamarori, kuma ba shi da nauyi. Yana da IS mai rage rawar hannu, sai dai ka sani rawar hannunka kawai yake ragewa, ba ya tsayar da doki, don haka 1/1000 ɗin Hajiya na nan daram. Wurin saye, tafi da kyamararka. Haska tocilan waya ta cikin gilashin ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce ta damina, in ka gani ka ajiye musu. Zuƙo shi ka mayar, ɗauki hoto a 55 da 250, ka saurara ko yana ƙara.

Lokacin da ka zaɓa na zuwa Yankari daidai ne. Ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi na gangarowa kogin Gaji. Bi fitar sassafe, hasken ya fi taushi kuma dabbobin ba su shige inuwa ba. In mota ta tsaya ka roƙi direba ya kashe inji, ka ɗora lensin a kan jaka ko naɗaɗɗen rawani. Giwa sai an dace, na sha zuwa ban gani ba, amma gwanki da mugun dawa da tsuntsaye ba ka rasa su. A sansanin Wikki kada ka ajiye jakar kyamara a ƙasa ko na minti ɗaya, biran nan sun saba da mutane kuma duk jaka a wurinsu abinci ce. Ɗaura dogon lensin tun daga masauki ka bar shi a kai har ka dawo, ƙurar hanyar ba ta da kyau.

Mai koyo, Yelwa, Bauchi

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na yi yadda kuka ce. A f/22 ɗigo goma sha ɗaya na ƙirga, ba huɗu ba. Na samu famfon, na hura, saura biyu ƙanana a gefe, kuma a f/8 ba sa fitowa sam, don haka na bar su. Na goge 'yan ƙarafan, kwana shida ke nan Err 01 bai dawo ba.

Hajiya, jiya da la'asar na tsaya bakin titin Dass ina gwada 1/1000 a kan masu babur da Keke Napep. Cikin hoto talatin, goma sha tara sun fito har ana karanta rubutun bayan keke. Sauran ni ne na bar ɗigon fokas ya zame daga kansu. Na lura kuma da rana ta yi ƙasa ISO ya haura 1600 hoton ya fara yin tsakuwa-tsakuwa, sai na sauko 1/500.

Na fasa sayarwa. 55-250 zan fara saya, na Hajiya kuma sai kwasa ta gaba in Allah ya kai mu. Baba, in na samo lensin, zan so in kawo muku Wunti ku haska min shi kafin in biya.

Tsohon mai hoto, Wunti

Kawo, ƙanena. Ka zo da safe kafin kasuwa ta cika, kuma ka ce wa mai shi ya ba ka da murfinsa na gaba da na baya.