Juji na masana'antu: abin da aka tsayar kan gyara shi

A zaman da aka yi kan jujin sharar majemu a Challawa da Sharada da ke Kano, bakin kowa ya zo ɗaya: kafin a taɓa komai, a ɗebi ƙasa da ruwan rijiyoyin kewaye a kai gwaji. Sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi ba ya ruɓewa, yana nan cikin ƙasa shekara da shekaru.

An daɗe a kan darasin Zamfara. Bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, a ƙauyen Bagega an kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a rami, aka zuba sabuwa. Haka ake so a yi nan: a shimfiɗa yumɓu mai kauri ƙasa da sama, don kada ruwan damina ya ratsa, sannan a kewaye wurin.

Sai batun amfani da filin. Wasu sun ce tashar mota, wasu farantan sola. Na fi karkata ga sola, domin ba ta buƙatar tono mai zurfi. Gidaje, makaranta da noman rani kam an ce a'a, kuma kada a bar masu kiwo su shiga.