Musayar waƙa: Prithviraj Kapoor, uban 'yan wasa

Ɗan Fagge:
Sallama 'yan'uwa masu saƙa baiti,
Yau zancena na wani gwarzon Indiya.
Prithviraj Kapoor, baban Raj da Shammi
Da Shashi, waɗanda suka cika duniya.
A silimun Kano 'ya'yan muka fi sani,
Uban da ya share musu fili ya rage baya.
A 1906 aka haife shi a Samundri,
Ya yi karatu Peshawar, ya kama hanya.
Bombay ya nufa yana saurayi,
Ya bar karatun lauya, ya bi zuciya.
Wa zai karɓa? Fili naku ne gaba ɗaya.

Hajiyar Gandu:
Na karɓa, Malam. Ni abin da na riƙe
Fim ɗin Mughal-e-Azam ne, inda ya fito sarki.
1960, ga Akbar zaune a fada,
In ya ɗaga murya, sanyi ya ratsa jiki.
Ɗansa Salim ya so baiwa mai rawa,
Uba ya tsaya tsakanin ƙauna da mulki.
Ido da ƙwalla, baki na yanke hukunci,
Ban ga na biyunsa ba a wannan aiki.

Na-Damagaram:
Hajiya, kin faɗi gaskiya, amma da saura,
Fim kasuwa ce gare shi, dandali gidansa.
A 1944 ya kafa ƙungiyar wasan dandali, Prithvi Theatres,
Ya ɗebi jama'a suka hau jirgin ƙasa.
Shekara 16 suna bin gari gari,
Kuɗin fim yake zubawa domin a yi wasa.
Sa'ad da ake shirin raba ƙasar gida biyu,
Kowane ɓangare na wasa wuƙarsa,
Ya kawo wasan Deewar, 'yan'uwa da katanga tsakani,
Ya kawo Pathan, Musulmi ya ba da ɗansa
Don ya fanshi ran ɗan amininsa Hindu,
Wannan fa shi ya sa nake girmama sunansa.
In an tashi, ya tsaya bakin ƙofa da jaka,
Yana tara wa mabukata, ba don kansa.

Autar Zazzau:
Baba Na-Damagaram, ka sa ni tunani,
Me ya tsayar da tafiyar? Ka ba ni bayani.

Na-Damagaram:
'Yata, muryar ce ta gaji, aljihu ya yi rauni,
A 1960 aka naɗe labule, ya wuce zamani.

Ɗan Fagge:
Ku bar ni in cike gurbin da kuka tsallake:
Yana cikin Alam Ara, 1931,
Fim ɗin Indiya na fari mai magana.
A Awara shi ne alƙali, Raj ɗansa a gabansa,
Uba da ɗa na gaske, kowa ya shaida.
Ya rasu 29 ga Mayu, 1972,
Lambar Dadasaheb Phalke, babbar lambar fim a Indiya, ta zo bayan ya kwanta.
Shashi da matarsa Jennifer suka gina ɗakin wasa
A Juhu ta Bombay, 1978, har yau ana ɗaga labule a nan.

Hajiyar Gandu:
Malam, ka saki amsa-amo don son lissafi,
Ni ban saki Akbar ba, ban bar sarki.
Baba, na yarda dandali ne gidansa,
Amma mu da ba mu je ba, fim ya kai mu ciki.
Autar Zazzau, nemi fim ɗin ki kalla,
Ki dawo da baiti, muna jiran naki.