Tohru ce ta warkar da gidan Sohma, ko 'yar aiki suka samu a ɓagas?

Sadiya: Salamu alaikum 'yan gida. Daren jiya na gama Fruits Basket, fim ɗin zane na Japan mai dogon zango, wanda aka sake yi daga 2019 zuwa 2021, kashi 63 cif. Zan faɗi magana, mai jin haushi ya ji: kirkin yarinya ɗaya ne ya gyara dangin Sohma kakaf. Tohru Honda marainiya ce, a tanti take kwana cikin daji, ba ta da ko sisi, amma ita ta zame musu magani.

Habu: Wa alaikumus salam. Ni ban kalla ba. Mene ne ciwon nasu tukuna?

Sadiya: La'ana suka gada kaka da kakanni. Mutum 13 ne a dangin, in mace ta rungumi namijinsu, ko namiji ya rungumi macensu, nan take sai su rikiɗe su koma dabbobin kalandar Sin, guda 12, sai mage da aka ware. Yuki ɓera ne, Shigure kare, Kyo shi ne magen. Sannan ga shugaban gidan, Akito, wanda ba mai iya ɗaga kai ya ce masa a'a.

Yaya Hadiza: Ƙanwata, ban yarda ba. La'anar Kureno, ɗaya daga cikin 13 ɗin, ta warware shekaru kafin Tohru ta san hanyar gidan. Shigure da bakinsa ya nuna cewa igiyar ta daɗe da ruɓewa, ko an taɓa ko ba a taɓa ba za ta tsinke. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Sadiya: Yaya, ai ba rikiɗar nake nufi ba. Zukatansu nake nufi. Kisa fa? Yarinyar da tsangwamar 'yan ajinsu ta sa ta daina magana ɗungurum, wa ta maƙale wa har bakinta ya buɗe?

Yaya Hadiza: To bari in gaya miki abin da ya tsaya min a wuya. Da 'yata na kalla, shekararta 14. Yarinyar nan Tohru ita ce girki, ita ce wanki, ita ce shara a gidan maza uku, Shigure da Yuki da Kyo, ladan ɗakin da suka ba ta. Ta dawo daga makaranta, ta wuce aikin goge-goge a wani dogon bene don ta biya kuɗin karatu, ta dawo cikin dare tana murmushi. A taka ta, ita ce mai ba da haƙuri. Sai na ga 'yata ta tallabe haɓa tana cewa "Umma, ina ma ni ce ita." Wallahi sai da na tsayar da kallon. Mu da muka tashi muna jin "ki yi haƙuri" safe da yamma, mun san inda wannan hanya take kai mace. Ina da gwaggo da ta shekara 30 tana irin wannan murmushin a gidan miji. Ba wanda ya gyaru. Ita ce dai ta samu hawan jini.

Malam Nura: Hajiya, maganarki da nauyi, amma kin yi wa marubuciyar rashin adalci. Natsuki Takaya ba ta ce halin Tohru lafiya ba ne. Ki tuna dalilin da ya sa take magana da ladabin da ya wuce kima, har da sa'o'inta. Mahaifinta ya rasu tana 'yar mitsitsiya, uwar ta kusa zaucewa, sai yarinya ta fara kwaikwayon yadda uban yake magana don kada uwar ta tafi ta bar ta. Wannan ladabin tsoro ne ya haife shi. Kuma tun farkon labarin Kyo ya ce mata ba laifi ba ne ta yi ƙorafi, ta nemi abin da ranta ke so. Ita ma majinyaciya ce, gado ɗaya take kwance da su.

Yaya Hadiza: Malam, sai kusan ƙarshe aka fito da wannan sosai. Yarinyar da ta kalli zangon farko ta tsaya, me ta ɗauka?

Ummi: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Akito! Dubi abin da ya yi wa 'yan gidan. Ya lahanta wa Hatori ido. Ya lakaɗa wa Kisa duka har asibiti. Ya tunkuɗo Rin ta taga daga bene, daga baya ya kulle ta a ɗakin da aka tanada don ɗaure mage, ya datse mata gashi. Ya daɓa wa Kureno wuƙa. Duk wannan a tashi a ce wai ita ma uwarta ce ta cuce ta, ta raine ta a matsayin namiji, sai Tohru ta miƙa mata hannu a zama ƙawaye? Babu 'yan sanda ne a Japan?

Habu: Dakata. "Ita"? Akito mace ce? Haba Ummi, kin gama da ni.

Ummi: Yi haƙuri Yaya Habu, bakina ne ya suɓuce.

Malam Nura: Amma Ummi ki lura, Rin ba ta yafe ba. Har aka rufe labarin tana cewa ba za ta iya ba, kuma ba wanda ya tilasta mata. A gidajenmu da tuni an tara dattawa an ce ta durƙusa.

Sadiya: Ku bar ni in kawo wuri ɗaya. Daren da Kazuma, wanda ya riƙi Kyo tun yana yaro, ya cire masa abin hannun nan mai kama da carbi, ainihin surarsa ta fito, mummuna, ga wari kamar mushe. Tohru ba ta yi murmushi ba a nan. Sai da ta yi amai. Ta bi shi cikin ruwan sama jiki na ɓari, ya ture ta har ya ji mata ciwo, ta dawo ta riƙe hannunsa, ta gaya masa gaskiya cewa tsoronsa take ji, amma tana so su koma gida tare. Uwar Kyo ta sha cewa ba ta tsoronsa, alhali kullum sai ta duba ko abin hannun yana nan. Wannan ba haƙurin gwaggonki ba ne, Yaya. Gwaggo shiru ta yi.

Yaya Hadiza: Wannan wurin na ba ki, ni ma na yi ƙwalla. Amma kin ji abin da kika ce? Kazuma. Mutumin da ya shekara da shekaru yana rainon yaron da dangi suka ƙi. Ashe ba yarinya ɗaya ba ce.

Sadiya: To, ita ce ta ƙarasa.

Yaya Hadiza: Da farko "ita ta gyara kakaf", yanzu "ita ta ƙarasa". Mu je zuwa, kafin la'asar za ki dawo layina.

Habu: Tunda kun riga kun ɓata min, wanne zan kalla? Na ga akwai wani na 2001.

Malam Nura: Na 2001 kashi 26 ne, kuma an yi shi littafin da aka ɗauko labarin daga ciki bai kammala ba, don daga 1998 aka fara buga shi har 2006, juzu'i 23. A hanya zai ajiye ka. Ka nemi na 2019.

Yaya Hadiza: In da ƙannenka mata za ka kalla, ka riƙe rimot a hannunka.