Ta ina kuka fara jin rap ɗin Koriya?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata ce ta cika min waya da waƙoƙin BTS, ƙungiyar samarin mawaƙan Koriya, ni kuwa raina su nake, ina cewa yara ne sai rawa da shafa jan baki. Ranar nan a adaidaita ta cusa min iyafis ɗaya a kunne wai in ji Daechwita ta Suga ɗan BTS, wanda yake amsa Agust D in zai yi nasa shi kaɗai. Wallahi da aka yi busar farko na ɗauka algaita ce, kamar hawan Daushe ake, ashe kiɗan rakiyar sarakunansu na da ne ya ɗora rap a kai a 2020. Yanzu ina so in shiga sosai, ku ta ina kuka bi?

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Ni ta Show Me the Money na shiga, gasar rap da tashar Mnet ta fara a 2012. Zagaye na 5 wanda BewhY ya ci a 2016 na fara kallo, tsakar dare da datar dare, ina goyo ina jijjiga ina karanta fassara, ban jin ko kalma ɗaya amma yadda yaron nan yake jero magana ba ya ko shan numfashi ya sa tuwona ya taɓa kamawa. Da Lee Young-ji ta ci a 2022, mace ta farko, ihu na yi har maigida ya leƙo.

Injiniya a Daejeon: Ɗan Fagge, in ka zo nan Koriya kar ka ce wa ɗan hip-hop BTS ne gwanayenka, ni na yi na sha kallo. Abokin karatuna ya zaunar da ni kamar ɗan makarantar allo, ya ce Seo Taiji and Boys ne suka shigo da rap gidajen mutane a 1992, sai Drunken Tiger a 1999, sai Epik High a 2003. Abin da ya fi burge ni shi ne maganar amsa-amo, su a yarensu aikatau ne yake zuwa ƙarshen jimla, kusan komai da "da" ko "yo" yake ƙarewa, to na farkon duk layukansu iri ɗaya suke sauka, sai da irin su Verbal Jint suka zo wajen 2001 suka nuna yadda ake juya kalmomi amon ya faɗo a tsakiya. Daga baya ya ja ni Hongdae a Seoul, wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, waje sanyi kamar ya tsinke kunne ciki kuwa gumi, da kofin kola a hannuna har aka tashi.

Hajjo: Yaya Ɗan Fagge nemi Yoon Mi-rae, matar Tiger JK na Drunken Tiger. Babanta baƙar fata ne ɗan Amurka, mamanta 'yar Koriya, a Black Happiness ta 2007 ta ba da labarin tsangwamar da ta sha saboda launin fatarta. Na karanta fassarar na yi shiru.

Baban Yara: Ni fa ban gama yarda ba, da yawansu kwaikwayon Amurka ne, It G Ma ta Keith Ape ma a 2015 ai sai da OG Maco, mai rap ɗan Amurka, ya yi ƙorafin an ɗauki salonsa. Kuma ku dinga duba fassara kafin ku ƙure sauti, na taɓa kunna wata a mota da Baffa a gaba, ana ta Koriyanci lafiya lau sai ga ashar da Turanci tiryan-tiryan, shi kuma tsohon malamin Turanci ne.

Ɗan Fagge: Hhhh Allah ya kyauta. Injiniya, wace ta Epik High zan fara da ita?