Karatun komik na cinye min dare, in daina ne ko da wata dabara?

Alƙalami_Baƙi:
Salam 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Ni dai tun ina ƙarami nake son littattafan labarin zane, komik na Amurka da manga ta Japan duka ba na zaɓe, to yanzu girma ya zo ga aiki ga wani kwas da nake yi da yamma, ɗan lokacin da ya rage min sai da daddare, sai in ce babi ɗaya kawai zan duba a waya in kwanta, kafin in ankara dare ya tsala, washegari kuma a tashi kai na sarawa. Wani abokina ya ce wai abin yara ne in tattara in ajiye, ni kuma raina bai kwanta da maganar ba. Ku da kuke karantawa ya kuke yi da naku lokacin?

Yaya_Mai_Tabarau:
Wa alaikassalam. Abokin naka da alama bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, akwai Maus na Art Spiegelman, labarin abin da mahaifinsa ya gani ne a hannun 'yan Nazi, har kyautar Pulitzer ya samu a 1992, wane yaro za a miƙa wa wannan? Bar wannan zancen, ba shi ne matsalarka ba.

Abin dubawa shi ne wane iri kake karantawa, don wasu tun asali ba a gina su don su ƙare ba. Manga irin ta mujallar Weekly Shonen Jump duk mako ake fitar da babi, shafi ashirin ko ƙasa da haka, kuma mujallar tana tattara ra'ayin masu karatu, labarin da ya dinga zuwa a baya sai a datse shi, shi ya sa dole mai zanen ya yanke maka kowane babi a daidai inda zuciyarka ke tsaye, abincinsa ke nan fa. One Piece tun 1997 ake yi, babi ya haura dubu. Na Amurka kuma nasu salon daban ne, Superman tun 1938, Batman 1939, kamfani ne ke da su, wannan marubuci ya tafi wani ya zo ya ɗora, a 2011 ma kamfanin nasu, DC, ya mai da littattafansa lamba ta ɗaya aka soma lissafi sabo. To wanda ya ce sai ya ga ƙarshen wannan kafin ya kwanta ai ya shirya kwana zaune.

Ni shawarata ka koma waɗanda aka kammala. Fullmetal Alchemist juzu'i 27 ne ya ƙare, Watchmen fitowa 12 kacal. Ka san tsawon tafiyar tun kafin ka ɗauka, sai ka raba ta yadda ya yi maka.

Hauwa_Zane:
Yaya ban yarda da kai gaba ɗaya ba gaskiya. Ni ina bin dogayen nan kuma ba su taɓa hana ni komai ba, don na riga na kamo su, babi ɗaya ne a mako minti goma na gama sai wani satin. Wanda ke wahala shi ne wanda ya faro daga baya, ɗaruruwan babi na gabansa a jibge babu abin da zai tsayar da shi. Don haka ɗan uwa ka duba, in kamowa kake yi to a nan lokacin ke tafiya, kuma ba tsere ake ba, labarin da aka shekara ashirin ana zanawa ba sai ka haɗiye shi a wata guda ba.

Sannan wayar ma da nata laifin. Littafin takarda in ka kai bangon baya dole ka rufe, ka tashi ka ɗauko wani, a tsakanin nan sai hankali ya dawo. A manhaja kuwa da ka taɓa sai na gaba ya buɗe, musamman irin na Koriya ɗin nan da ake ja sama ana ta ja babu ma shafi balle ka ce ga inda zan tsaya. Ni dai na fitar da karatun daga kan gado kwata-kwata, na mai da shi lokacin hutun rana da ƙarshen mako.

Dattijon_Zaure:
Yaro tambaya ɗaya zan maka, abin da ka karanta daren jiya in aka ce ba da labarinsa za ka iya? Don da yawa in bacci ya fara ɗibarsu rubutun kawai suke bi da gudu, zanen da mutum ya ɓata kwanaki a kai ko kallo bai samu ba, kenan ba ka ji daɗin ba kuma ba ka yi baccin ba. Kwas ɗin nan yana da ranar gamawa, komik kuwa yana nan ba inda za shi. Kuma duk wanda ka ga kana binsa ne don kawai ka riga ka yi nisa, ba don yana maka daɗi ba, sake shi, ba bashi ka ci ba.

Alƙalami_Baƙi:
Na gode ƙwarai. Baba wallahi ka gano ni, akwai guda biyu da nake ja don dole kawai. Hauwa kamowa nake yi kam, shi ya sa. Amma in na ajiye dogon har sai na gama kwas ba zan manta inda aka kwana ba?

Hauwa_Zane:
Kar ka tsaya a tsakiyar faɗa dai, ka bari sai an rufe zangon labarin da kake ciki an koma wani gari ko wani sabon abokin gaba, a nan ake ajiyewa. Rubuta lambar babin a wani wuri, in ka dawo ka koma baya da babi biyu ko uku, za ka ga duk ya dawo maka.